Yadda Fiyano Ke Magana Da Kwamfuta

Da yawa daga kiɗan waƙoƙin biki da muke rausayawa a kai, da fiyano da kwamfuta ake haɗa shi, ta tsarin MIDI da ya fito a 1983.

Shi MIDI ɗan aike ne, ba ya ɗaukar sauti. Makaɗi na danna maɓalli, sai saƙo ya tafi: wane maɓalli, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. Waya ɗaya na ɗaukar layi 16, ganga da sarewa kowa da nasa.

To ke mai shirin shiga situdiyo, ki ce a ajiye miki fayil ɗin MIDI. In kiɗan ya yi wa muryarki sama, sai a sauko da shi, ba sai kin sake biyan makaɗi ba.