"Ba Ta Aikin Komai, Tana Gida"

Tambayi magidanci sana'ar matarsa, sau da yawa abin da za ka ji shi ne: "Ba ta aikin komai, tana gida." To, mu bi sawun wannan zaman gida tun daga asuba. A ƙauyen da gero ne cimaka, kafin fura ta iso bakin maigida sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an bakace, an wanke, an daka, an tankaɗe, an cura, an dafa, sannan a kirɓa. Duk wannan don ƙwarya ɗaya, kuma galibi da goyo a baya. Ba a zo kan jan ruwa da shara da wanki da jinyar tsohuwa ba.

A rahotonta na 2018, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce mata ne ke yin kashi 76 cikin ɗari na hidimar gida da ba a biya: awa 4 da minti 25 kullum ga mace, awa 1 da minti 23 ga namiji. A 2016 kuma UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata na ƙarar da awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗiban ruwa kaɗai.

Ba yau aka fara rage wannan kaya ba. Injin niƙa ya kwantar da dutsen niƙa a gidaje da yawa, kuma ba wanda ya ce tarbiyya ta lalace. Burtsatse mai sola a tsakiyar unguwa zai yi wa guga abin da inji ya yi wa dutse. Saura murhu, wanda ya fi damuna, domin shi kisa yake yi a hankali: Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020 da gurɓatar iskar cikin gida, akasari hayaƙin girki. Gas ya fi ƙarfin talaka, gaskiya ne, amma murhun laka mai tsimin itace bai fi ƙarfinsa ba.

Sai dai akwai abin da inji ba ya gyarawa. Namijin da ya ɗauki tsintsiya ko ya yi wa ɗansa wanka, nan take majalisa za ta raɗa masa "mijin-ta-ce". Ina muka samo wannan? Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab, ya soki masu ɗaukar matansu kamar kayan aikin da ake mora har su lalace a yar. Fiƙihun Malikiyya ma ya ɗora wa miji mai hali samar da mai aiki ga matar da irinta ake yi wa hidima.

Idan maigida ya naɗe hannu, samarin gidan suka bi sahunsa, kayan ba ya ɓacewa, kan ƙaramar yarinya yake sauka. Ita ce za ta yi wanke-wanke kafin ta tafi makaranta, ta isa a makare, ta yi gyangyaɗi a aji, yayin da yayanta ke filin ƙwallo. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito, sai a ce ai ita ba ta da ƙoƙari, gara a aurar da ita.