Nahawun siffa

Nahawun siffa, wanda a Turance ake kira shape grammar, hanya ce ta samar da zane ta bin ƙa'idoji. Yana daga cikin tsofaffin hanyoyin da ake amfani da su wajen koyarwa da bincike a kan ƙirƙira da kwamfuta, musamman a fannin zanen gine-gine da na kayan masana'antu. George Stiny da James Gips ne suka gabatar da shi a shekarar 1971, a wata maƙala da ta shafi zane da sassaƙa.

Asalin sunan

An aro kalmar nahawu ne daga ilimin harsuna. A shekarar 1957 Noam Chomsky ya wallafa littafinsa Syntactic Structures, inda ya nuna cewa ƙa'idoji 'yan kaɗan za su iya haifar da jimloli marasa iyaka. Stiny da Gips sun ɗauki irin wannan tunani, sai dai a maimakon kalmomi suka sa layuka da siffofi.

Yadda yake aiki

Ana farawa da siffa guda, misali murabba'i. Kowace ƙa'ida tana da ɓangare biyu: siffar da za a nema a cikin zanen, da wadda za a sa a gurbinta. An yarda a juya ƙa'idar, ko a ƙara mata girma, ko a rage, domin ta dace da wurin. Haka za a yi ta maimaitawa har zane ya kammala.

A nan ne siffa ta sha bamban da jimla. Idan aka ɗora murabba'i biyu, kusurwar ɗaya ta shiga cikin ɗayan, sai ga ƙaramin murabba'i na uku ya bayyana a tsakiya, alhali babu wanda ya zana shi. Ƙa'idar da ke neman murabba'i tana da damar kama wannan sabon ta yi aiki a kansa. Kalmomin jimla a ƙidaye suke tun farko, amma sassan siffa sun danganta da yadda mai kallo ya gan ta. Stiny ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Shape na shekarar 2006. Abin da ido ke gani nan take yana ba kwamfuta wahala sosai, domin ita takan adana zane ne a matsayin jerin abubuwan da aka shigar mata. Shi ya sa manhajoji da yawa suka taƙaita ga wasu nau'o'in siffofi kawai.

Bincike

A shekarar 1978 Stiny da William Mitchell suka fitar da nahawun gidajen Andrea Palladio, mai zanen gine-gine na Italiya a ƙarni na 16. Koning da Eizenberg sun yi irin wannan aiki a 1981 a kan gidajen Frank Lloyd Wright na Amurka. Nahawun yakan sake samar da gidajen da aka sani, ya kuma fito da sababbi masu irin salon, waɗanda mai salon bai taɓa zanawa ba. José Duarte ya yi digirinsa na uku a MIT a kan gidajen Malagueira da Álvaro Siza ya zana a birnin Évora na ƙasar Fotugal, da nufin kowane iyali ya sami gidan da ya dace da buƙatarsa ba tare da an fita daga salon unguwar ba. A jami'ar Carnegie Mellon kuma, Jonathan Cagan da abokan aikinsa sun gwada hanyar a kan na'urar dafa kofi, da babur ɗin Harley-Davidson, da motar Buick.

Koyarwa

Sashen zanen gine-gine na MIT, inda Stiny da Terry Knight suka daɗe suna koyarwa, shi ne ya fi shahara da wannan fanni. Abin mamaki, ɗalibai sukan fara ne da hannu, da fensir da takarda mai shara-shara, ko da 'yan katakon wasa na Friedrich Froebel, wanda ya kafa makarantar ƙananan yara a Jamus. Stiny ya rubuta maƙala a kansu a 1980. Dalili shi ne wanda bai koyi ganin ɓoyayyar siffa da idonsa ba, da wuya ya rubuta wa kwamfuta ƙa'ida mai amfani.

Ana muhawara ko wannan ƙirƙira ce ta gaskiya. Margaret Boden ta bambanta tsakanin lalube a cikin iyakar ƙa'idojin da ake da su, da sauya ƙa'idojin kansu. Masu suka na cewa nahawun Palladio na farkon kawai yake yi, wato kwaikwayon salo. Littafin Knight na 1994, Transformations in Design, ya duba na biyun: yadda sauya ƙa'ida ke mai da wani salo ya zama wani daban.