Tsohon Soja Da Neman Ilmi A Ƙaraye Da Rogo

Sojan da ya ajiye kaki ya komo Ƙaraye ko Rogo yakan tarar da nauyin gona da na iyali suna jiransa. Fansho kaɗai ba ya riƙe gida, aikin ofis kuwa sai da takardar shaida.

Amma hanya ba ta toshe ba. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano a 1980. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana horar da ɗalibanta a ƙarshen mako, ba sai sun bar aikinsu ba.

Wahalar tana damina, lokacin da ranar aji kan zama ranar noma. Saboda haka wanda ya raba aikin gona da iyalinsa tun da rani, shi ne kan kai ga jarrabawa.