A Shiƙe Kwal, a Bar Wa Manoma Ruwansu

Kwal ba ya fitowa daga rami tsaf. Haɗe yake zuwa da dutse da laka, kuma duk abin da ba kwal ba toka yake komawa a cikin wuta. Kamfanin simintin da ya sayi tirelar kwal mai datti, dakon dutse ya biya, ga wutar ba ƙarfi.

Hanyar da aka saba ita ce wanki. A kaɗa garin baƙin dutsen ƙarfe a ruwa har ya yi kauri, a zuba kwal. Shi ya taso sama, dutse ya nutse. Tana tacewa sosai, ba musu. Sai dai tana barin baƙin ruwa da tafkunan caɓi, kwal ɗin kuma ya fito a jiƙe.

Ni ɗan Kumbotso ne, kuma mu da muka tashi kusa da masana'antun Challawa ba ma buƙatar malami ya faɗa mana abin da ruwan masana'anta ke yi wa kogi. Gaba kaɗan, a Kura da Bunkure, ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 shi ne shinkafa, shi ne alkama da tumatir. Saboda haka duk sana'ar da za ta sha ruwa a Arewa, sai na tsaya na yi mata kallon tsanaki. Kwal kuwa muna da shi: ga Maiganga a Jihar Gombe, inda kamfanin simintin Ashaka ke haƙa, ga Anu Araren kusa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, ke ƙona shi don samar da lantarki a tsakiyar hamada.

Amma akwai dabarar tace kwal ba da ruwa ba, kuma wanda ya taɓa shiga injin shinkafa a Kura ya gan ta da idonsa. Injin cire tsakuwa faranti ne mai ƙananan huji, a karkace, yana girgiza, fanka na hura iska ta ƙasa. Shinkafa ta gangara gefe guda, tsakuwa ta bi ɗaya gefen. Haka ake yi wa kwal, sai dai injin ƙato ne. Nauyin kwal bai cika wuce ninki ɗaya da rabi na ruwa ba, na dutse kuwa ya haura ninki biyu, to iska da girgiza sun isa su raba su. Sinawa sun yi nisa a nan, don yawancin kwal ɗinsu a yankunan ƙarancin ruwa yake, kuma injinsu mai suna FGX ya kai ƙasashe da dama. Akwai kuma wani injin da ke haska kowane curi da irin hasken hoton ƙashi na asibiti, in ya gane dutse ne ya fesa masa iska ya fice daga layi.

Abin da ya fi burge ni shi ne juji. Duk inda aka daɗe ana haƙa, kamar Inugu da aka fara tun 1916, akan bar tulin abin da aka zubar, da kwal mai kyau a ciki. Irin wannan tuli kan kama da wuta da kansa, ruwan sama kuma ya wanko gubarsa zuwa rafi. In aka bi da shi ta injin iska, an samu kwal ba tare da sabon rami ba, tulin kuma ya ragu.

Hanyar iska tana da nata aibin. Ba ta kai wanki tsafta ba, ba ta iya garin kwal mai laushi, kuma in kwal ya jiƙe da damina sai ya manne wa dutse. Ga ƙura, wadda in ba a sa matata ba huhun ma'aikata ne zai tace ta. Duk da haka, a ƙasar da rani ya fi damina tsawo, ya kamata hukumar da za ta ba da lasisin tace kwal ta fara tambayar mai nema daga ina zai ɗebi ruwa, kuma me ya hana shi amfani da iska.