Amsar da Ta Kauce wa Tambaya

Shirinmu na musamman yau a Amurka zai sauke mu, kuma zan fara da tambayoyi biyu da amsoshinsu kamar yadda suke a kundin kotu. Ku kasa kunne da kyau, domin shirin gaba ɗaya a kan waɗannan 'yan kalmomi ya rataya.

Ranar 10 ga Yuni, 1966, a birnin New York. Wani attajiri ya ɗauki rantsuwa cewa gaskiya zai faɗa. Lauyan ɗaya daga cikin masu bin kamfaninsa bashi ya dube shi ya ce: "Mista Bronston, kana da asusu a bankunan Suwizalan?" Ya ce: "A'a, yallaɓai." Lauya ya ce: "Ka taɓa samu?" Sai ya ce: "Kamfani ya taɓa samun asusu a can na kamar wata shida, a Zurik."

Bari in maimaita. An ce masa, kai ka taɓa samu? Shi kuma ya ce, kamfani ya taɓa samu. Lauya bai tsaya ba, ya wuce tambaya ta gaba.

To wane ne wannan mutum? Samuel Bronston ke nan, mai shirya finafinai, wanda aka haifa a 1908 a yankin da ke ƙarƙashin daular Rasha a lokacin. Ya je Amurka, daga baya ya kafa sansanin fim a Sifaniya. Shi ya shirya El Cid a 1961, da Charlton Heston da Sophia Loren. Shi ya shirya The Fall of the Roman Empire a 1964, kuma saboda wannan fim ya sa aka gina dandalin tsohon birnin Rum a wajen Madrid, da ginshiƙansa da gumakansa da matattakalarsa, gini na gaske wanda mutum zai shiga ya zaga, ɗaya daga cikin mafi girma da aka taɓa ginawa domin fim. Fim ɗin ya ci kuɗi, kasuwa kuma ba ta mayar ba. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, a watan Yunin 1964 ya garzaya kotu neman a daidaita shi da masu binsa. Kamfani ne mai asusu 37 a ƙasashe biyar, don haka masu bin bashi suna so su san inda kowane kwabo ya maƙale. Abin da ya kawo zaman nan na 1966 ke nan.

Ga abin da Bronston bai faɗa ba. Shi kansa, da sunansa, yana da asusu a wani banki a Jeniba, daga Oktoban 1959 zuwa Yunin 1964, kusan shekara biyar, kuma sama da dala 180,000 ta shiga ta fita ta cikinsa. Amma ku duba amsoshin nan kuma. A ranar da aka tambaye shi, an riga an rufe asusun, don haka "a'a" ɗinsa gaskiya ne. Kamfani kuwa ya yi asusu a Zurik, wannan ma gaskiya ne. Babu kalma ɗaya ta ƙarya a bakinsa. Duk da haka, wanda ya ji amsar zai tashi da yaƙinin cewa mutumin nan bai taɓa ajiye kuɗinsa a Suwizalan ba.

Gwamnatin tarayya ta gurfanar da shi bisa laifin ƙarya bayan rantsuwa, abin da mu muka fi sani da shaidar zur. A taƙaice, ga dokar: sashe na 1621 na kundin manyan laifuffukan tarayya, hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar. Dole mai gabatar da ƙara ya nuna an yi rantsuwa, an faɗi abin da ba gaskiya ba, da gangan, kuma a kan maganar da ke da tasiri a shari'ar. In ɗaya ya faɗi, tuhuma ta faɗi.

Alƙalin da ya saurari ƙarar ya ba masu taimaka masa yanke hukunci wani misali da ya tsaya mini a rai. Ya ce a ɗauka an tambayi mutum sau nawa ya shiga wani kanti a rana kaza, ya ce sau biyar, alhali ya san sau hamsin ya shiga. Ai ya shiga sau biyar ɗin, kafin ya kai hamsin. To wannan bai yi ƙarya ba? Masu taimaka wa alƙali suka yi awa bakwai suna shawara, suka dawo suka ce Bronston ya aikata laifi. Kotun ɗaukaka ƙara ta amince, alƙalai biyu a gefe guda, ɗaya ya ƙi.

Sai Kotun Ƙoli. Ranar 10 ga Janairu, 1973, alƙalai tara, baki ɗaya, suka soke hukuncin. Alƙalin Alƙalai Warren Burger ne ya rubuta. Bai wanke Bronston daga wayo ba. Ya yarda cewa a hira ta yau da kullum, duk wanda ya ji amsar nan zai fahimci babu asusu. Amma ya ce ɗakin shari'a ba dandalin hira ba ne. Akwai lauya a tsaye, wanda aikinsa ke nan, an horar da shi, ana biyansa, domin ya gane lokacin da shaida ya zame. In shaida ya kauce, sai lauya ya dawo da shi, ya titsiye shi: ba kamfani na tambaye ka ba, kai na tambaya. Nauyin tsare shaida a kan ainihin tambaya yana wuyan mai tambaya. Misalin kanti kuma, kotun ta ce ba ɗaya ba ne. Mai cewa sau biyar ya amsa tambayar kai tsaye, babu wata alama da za ta farkar da lauya. Amsar Bronston kuwa da ƙararrawarta ta zo, domin an tambayi mutum ya amsa da kamfani, kuma kowa a ɗakin ya ji.

Masu saurare, a nan zan faɗa muku gaskiyata. Karon farko da na karanta hukuncin nan, bai kwanta mini ba. Mu da muka tashi muna jin malamai suna lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai, mun kuma ji suna bayanin tauriyya, wato mutum ya faɗi magana mai fuska biyu yana nufin wadda mai sauraro bai hango ba. Abin da malaman fiƙihu suka tafi a kai shi ne, rantsuwar gaban alƙali a kan niyyar mai rantsarwa take tafiya, tauriyya ba ta kuɓutar da wanda zai cinye haƙƙin wani da ita. A wannan ma'auni, Bronston bai tsira ba. Akwai mutanen da suka ba da kuɗinsu, suna neman haƙƙinsu, aka yi musu wasa da hankali.

Amma da na sake karantawa, na ga abin da Burger yake tsoro, kuma tsoron na gaske ne. Ku tuna da mutumin da bai taɓa shiga kotu ba. An kira sunansa, ya ɗaga hannu, maƙogwaronsa ya bushe, lauya yana jefo masa tambaya kan tambaya. Irin wannan yakan amsa abin da ba a tambaye shi ba, ba don mugunta ba, don ruɗewa. In doka ta ce za a ɗaure mutum saboda abin da aka zaci yana nufi, alhali abin da ya furta gaskiya ne, to wa zai yarda ya zo ba da shaida? Burger ya ce kada maganin shaidar zur ya yi tsananin da zai kori shaidu daga kotu. Ni dai har yanzu ina ganin Bronston ya san abin da yake yi. Amma na yarda cewa dokar da za ta kama shi ta wannan hanya za ta haɗa da bayin Allah da yawa.

Wannan ita ce garkuwa ta farko da lauyoyin Amurka ke ɗagawa har gobe: abin da na faɗa gaskiya ne a lafazinsa. Akwai wasu, bari mu bi su da sauri.

Ta biyu, niyya. Mantuwa ba ƙarya ba ce, kuskure da ruɗewa ma haka, Kotun Ƙoli ta nanata wannan a 1993. Ta uku, tambaya mai harshen damo: in tambayar kanta ba ta da ma'ana ɗaya tsayayya, ba a ɗaure mutum a kan amsarta. Ta huɗu tsohuwa ce, ƙa'idar shaidu biyu. A ƙarƙashin sashe na 1621, bakin mutum ɗaya bai isa ya tabbatar da cewa wani ya yi ƙarya ba, sai da shaida na biyu ko wata hujja mai zaman kanta. Misalinta shi ne shari'ar Alger Hiss, tsohon babban jami'in ma'aikatar harkokin wajen Amurka da wani mai suna Whittaker Chambers ya zarga da miƙa takardun sirri domin Tarayyar Sobiyet. Maganar Chambers kaɗai ba za ta isa ba, shi ya sa aka yi ta fafatawa a kan takardu da wata tafireta ta gidan Hiss. Shari'ar farko a 1949 ta watse babu matsaya, ta biyu a Janairun 1950 ta same shi da laifin shaidar zur. Ya yi wata 44 a kurkuku, ya kuma musanta har mutuwarsa a 1996.

A 1970 majalisa ta ƙara sashe na 1623, domin ƙaryar da aka yi a kotu ko gaban kwamitin jama'a da ke tantance tuhuma. Ya cire ƙa'idar shaidu biyu, amma ya buɗe wata ƙofa: wanda ya yi ƙarya yana iya janye ta a cikin zaman shari'ar, tun ba ta yi ɓarna ba, tun kuma bai ga alamar asirinsa zai tonu ba. Ƙofa ce ƙarama. Wanda ya jira sai an ajiye masa takardar banki a gabansa ya makara.

Lokaci na neman ƙure mana. Sunan Bronston ya sake tashi a 1998, lokacin da lauyoyin Shugaba Bill Clinton suka kafa hujja da hukuncinsa a kan amsoshin da shugaban ya bayar game da alaƙarsa da Monica Lewinsky. Majalisar wakilai ta tuhume shi a Disambar 1998, majalisar dattawa ta sallame shi a Fabrairun 1999. Sai ɗan wasan besbol Barry Bonds, wanda aka tambaya a 2003 ko mai horar da shi ya taɓa ba shi abin da ake yi da allura, ya kama labarin yadda ya tashi a matsayin ɗan shahararren uba. A 2011 aka same shi da laifin kawo cikas ga shari'a saboda wannan kewaye-kewaye, a 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta soke, ta ce amsar ba ta da tasirin da doka ke buƙata.

Shi kuwa Samuel Bronston, ya tsira daga hukunci, amma bai sake shirya fim mai girman na da ba. Ya rasu a 1994 a Sacramento, jihar Kalifoniya.