Karatun Yara Daga Nesa a Lokacin Annoba: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka sami mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a birnin Ikko. Kafin watan Maris ya ƙare Gwamnati ta ba da umurni a rufe makarantu duka, tun daga firamare har jami'a, domin cutar tana yaɗuwa ne ta numfashi inda jama'a suka cunkushe. Ba ƙasar nan kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta 'yan makaranta wajen miliyan 1,600 ne suka zauna gida a ƙasashe fiye da 190.

'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma ranar 4 ga Agusta, saboda jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan. Sauran yara galibi sai a watan Oktoba. Watau yaro ya yi wata shida ko fiye bai ga allon aji ba. An rubuta wannan takarda domin Hakimai su san yadda aka koyar da yara a wannan tsakani, da abin da zai hau kansu kadan irin wannan ya sake aukuwa.

Hanyoyin da aka bi

Hanya uku aka bi: intanet, da talabijin, da rediyo. Ta intanet malami yana ganin yara suna ganinsa, amma tana bukatar babbar waya ko kwamfuta, da kuɗin data, da wutar caji. Saboda haka amfaninta ya tsaya ga 'ya'yan masu hali a birane. Talabijin kuwa, in babu lantarki, akwati ne kurum. Rediyo ita ce ta shiga ƙauye da ruga, gama batir ya ishe ta, ƙaramar waya ma tana kama ta. Jihohin Kaduna da Kano sun sa darussa a gidajen rediyonsu, a Borno kuma an yi haka da taimakon UNICEF. Dabarar ba sabuwa ba ce: ƙasar Saliyo ta bi ta a 2014 sa'ad da cutar Ebola ta rufe makarantunta, har aka buɗe su a watan Afrilu 2015.

Yadda darasin rediyo yake

Darasin rediyo ya bambanta da labaran duniya, waɗanda mutum kan ji yana aikinsa. Malami yakan yi tambaya, ya yi shiru kaɗan, domin yaro ya amsa da baki ko ya rubuta. Sa'an nan ya faɗi amsa, yaro ya gwada da tasa. Wannan ɗan shirun shi ne wurin koyo. Yaron da ya bar shi ya wuce bai buɗe baki ba, bai taɓa fensir ba, ya ji darasi amma bai yi shi ba.

Ga kuma abin lura. Malamin aji yakan duba fuska ya gane wanda ya ɓace, ya koma baya dominsa. Malamin rediyo ba ya ganin kowa. Tilas ne a sami wani a gida ya zama idonsa: wa, ko ya, ko uwa, ko maƙwabci mai ilmi, wanda zai zaunar da yaro a kan lokaci, ya duba littafinsa bayan an gama. Ko uban da bai yi boko ba yana iya ganin ko an cika shafi ko an bar shi fari.

Abin da ya kawo cikas

Gidaje da yawa ba su san ranar darasi ko sa'arsa ba. Rufewar ta haɗa da damina, yara suna gona, rediyon gidan kuma sau da yawa tana rataye a kafaɗar maigida. 'Yan mata ayyukan gida da talla suka cinye musu lokaci. Ƙananan yara kuwa, darasin da aka yi da Turanci zalla ya fi ƙarfinsu. Wanda bai riga ya iya haɗa baƙi ba shi ya fi kowa hasara, gama karatun fari yana son hannu a kan hannu.

Aikin Hakimi da malaminsa

1. Malamin Hakimi ya karɓi jadawalin darussa daga ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, ya kwafe shi da boko da ajami, a aika wa kowane Dagaci.

2. Dagatai da masu unguwa su sa a yi shela, a faɗi tasha da rana da sa'a da aji. A maimaita kowane mako, gama shela ɗaya ba ta zama a kunne.

3. A roƙi magidanta su bar rediyo a gida lokacin darasi, su kuma ɗage wa yaro aike da talla na wannan sa'a.

4. Kada a tara yaran unguwa a zaure ɗaya muddin likitoci sun hana taro. Yaran gida ɗaya su zauna tare, a inuwa, inda iska ke wucewa.

5. A rubuta sunayen malaman makaranta da ke zaune a kowane gari, a shirya yadda za su riƙa duba littattafan yara bisa ga sharuɗɗan ma'aikatan lafiya.

6. A ajiye lissafin 'yan makaranta na kowace unguwa, maza da mata, tun ranar da aka rufe.

Ranar komawa

Amfanin wannan lissafi yana bayyana ran da aka buɗe. Yaron da ya daɗe a gida yana da wuyar komawa: wani ya kama sana'a, wani ya tafi ci-rani, wata an sa mata rana. Hedimasta ya san kujerar da ta zama wofi, amma mai unguwa ne ya san ƙofar gidan. In aka gwada lissafin Hakimi da rajistar makaranta cikin makon farko, za a san wanda ya ɓace tun sawunsa bai bushe ba, a je a gana da iyayensa cikin lalama.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. Amma ambaliya, ko sanƙarau, ko rashin zaman lafiya, kowanne yana iya rufe makarantar gunduma. Ya kamata kowane Hakimi ya sa a ajiye wannan takarda cikin fayil ɗin ilmi na ofishinsa, a kuma karanta ta a taron Dagatai.