Da'irar Kwarkwasa Da Bin Yarima A Sha Kiɗa

A shekarar 1921 wani masanin halittu Ba'amurke mai suna William Beebe ya ba da labarin abin da ya gani a dajin Gayana, wata ƙasa a Amurka ta Kudu. Ya tarar da rundunar kwarkwasa tana zagaye a cikin wata da'ira mai kewayen kimanin mita 370, kowace ƙwaya tana cin awa biyu da rabi kafin ta dawo inda ta faro. Kwana biyu suka yi a haka, gawarwaki suna ƙaruwa a kan hanyar.

Dalilin ba boyayye ba ne. Irin wannan kwarkwasar kusan makauniya ce, da wari take tafiya. Kowacce tana ɗiga wani sinadari a ƙasa, ta bayanta kuma ta bi sawun. Dabara ce mai kyau, domin da ita dubban ƙwari suke kai abinci gida ba tare da jagora ba. Amma da zarar ta gaba ta ci karo da sawun ta baya, hanya ta rufe, kowane zagaye kuma ƙara wa warin ƙarfi yake yi. Abin da ya ceci ragowar rundunar, in ji Beebe, shi ne wasu 'yan ƙalilan da suka kauce wa layi, sauran suka bi su.

Ɗalibaina kan yi dariya idan na zo nan, wai ai ƙwaro ba shi da hankali. To, mu duba masu hankalin. A 1951 Solomon Asch ya zaunar da ɗalibai rukuni-rukuni a Amurka, yana nuna musu layuka a kan kati, su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Mutum ɗaya kawai ake gwadawa; sauran an haɗa baki da su su ba da amsar ƙarya. Kimanin kashi 75 cikin 100 sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, alhali idanunsu na ganin gaskiya. Sai dai da aka sa mutum guda a rukunin ya riƙa faɗin amsar daidai, bin jama'ar ya ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. A ganina wannan ne sakamako mafi muhimmanci, ko da yake ba a cika ambatonsa ba.

Asch bai sa wa ɗalibansa shugaba ba, kuma ba wanda ya tsorata su. Idan aka ƙara waɗannan biyu fa? Amsar tana cikin dajin Gayana ɗin nan. Can Jim Jones, wani mai wa'azi mai zaƙin baki, ya kwashe mabiyansa daga Amurka ya kafa musu sansani, ya raba su da dangi da labarin duniya, ya kewaye su da masu bindiga. Ranar 18 ga Nuwamba, 1978, ya umarce su da shan guba. Mutum fiye da 900 suka mutu, wajen kashi ɗaya cikin uku yara ne, waɗanda ɗura musu aka yi.

An ɗauki muryoyin taron a kaset. Ana jin wata dattijuwa ta miƙe tana jayayya da Jones, tana cewa a bar yaran su rayu. Ta daɗe tana magana. Ba a ji wanda ya tashi ya mara mata baya ba, sai ihun jama'a da ya danne muryarta.